Mme Mamokete da Kabewa Mai Ruwan Toka

Ntate Phakiso ya fara sanin Mme Mamokete a shekarar 1983, shekarar da fari ya mayar da rafin bayan makarantar mishan yashi zalla. Shi a lokacin sabon malamin lissafi ne a ƙauyenmu da ke gindin dutse kusa da garin Morija, inda ake kiran namiji babba Ntate, mace kuma Mme. Ita kuwa mijinta ya ƙetare iyaka haƙar zinariya, aike kuma ya daina zuwa. Wata rana da la'asar ta tsaya a bakin shingensa da goyo a baya, ta daɗe tana kallon kabewar da ya raya da ruwan wanke-wanke.

"Ntate, wannan mummunar aba ana cinta kuwa?"

Da gaskiyarta. Kabewar mai ruwan toka ce, mai dogon wuya, fatarta duk ƙuraje. Amma cikinta ja wur, zaƙinta kamar an ɗiga mata zuma. Mahaifiyarsa ce ta sauko da irin daga kan duwatsu ranar da aka kawo ta ɗakin miji, kuma tun rasuwarta ba shi da wani abu nata sai shi. Ya ɗebo mata irin cikin tafin hannu. Ta ƙulle a gefen bargon da ta yafa, ta ce, "Aro ne." Ya yi dariya, ya manta.

Bayan farin, coci ya ba ta wani fili kusa da idon ruwa. Ba ta da iri, ba ta da shinge, sai fartanya. Ta bi gida-gida tana cewa kowa ya kawo abin da yake da shi tun lokacin shuka: mai taki ya kawo taki, mai kuɗi ya kawo kuɗi, wanda ba shi da komai ya kawo hannuwansa ranar gayya. In lambu ya yi kyau a raba, in ƙanƙara ta sauko ta farfasa kabeji a raba asarar. Haka lambun ya tashi. A hankali har ma'aikatan asibiti da direbobin gari suka shigo, kowace Asabar ta kaka su zo da kwandunansu.

Gajeriyar mace ce, mai saurin tafiya. Takan yi wa kabeji faɗa in ya ƙi naɗewa, takan rera waƙoƙin coci da muryar da ko limamin cocin ya haƙura da gyara ta. Ba a taɓa riga ta shiga lambu ba. Mutanen gari sun fi son kabewa mai santsi, zagayayya, ta irin kanti, don haka ita ake shukawa, mai ruwan tokar ta ɓace daga kunyoyi tun da daɗewa.

A shekarun farko an sha rigima wajen rabo, wannan ta ce kabejin waccan ya fi girma. Ntate Phakiso ne ya kawo dokar da ta kashe rigimar. A tsiba kaya kashi-kashi a ƙasa, Mme Mamokete ta juya baya, wani ya nuna kashi ya ce, "Na wa?" ita kuma ta kira suna. Abin da ya faɗo maka shi ne naka, ba musaya, ba roƙo. Yana alfahari da dokar nan fiye da duk ɗaliban da ya yaye.

Da sanyin bara ya tafi Maseru wurin 'yarsa aka yi masa aikin ido. Da ya dawo ya sauko da goran iri daga rataye, ya tarar ɓeraye sun huda gindinsa. Ɓawo kawai suka bar masa. Ya zauna a bakin gado da goran a cinya har rana ta yi tsaka. Bai gaya wa kowa ba. Tsoho kamarsa, a ce ya bar irin mahaifiyarsa ga ɓera?

Lokacin shuka Mme Mamokete ta wuce ta bakin shingensa, ta leƙa.

"Ntate, bayan gidan nan ya yi tsirara bana."

"Gwiwa ce, Mme."

"Gwiwa," in ji ta, ta wuce abinta.

Asabar ɗin rabon ƙarshe ta zo cikin watan Mayu. Itatuwan bakin rafi sun yi rawaya, iska ta fara cizo, kowa ya san kwana kaɗan ya rage raɓa ta fara daskarewa, don haka komai za a kwashe. Mata na tuge karas suna jefa wa juna ƙasa, maza na sarar kabeji, tukunyar tuwon masara na tafasa a bakin shinge kusa da ta ganye. Abu ɗaya ne ya bambanta da kowace shekara: rana ta ɗaga sosai Mme Mamokete ba ta iso ba. Da ta ɓullo tana ɗan ɗingishi, da tsatsa a gaban siket ɗinta, Ntate Motlatsi direba ya daki fartanya da dutse kamar ƙararrawar makaranta.

"Latti, Mme. Ntate malam, ina bulalarka?"

"Ko dai wani tsoho ne ya tsare ki da hira a hanya?" in ji wata daga cikin matan.

"Wane tsohon? Duk na ƙauyen nan haƙoransu sun riga su tafiya. Motlatsi, kabejin nan sara ake yi, ba aski ba."

Aka kwashe da dariya, aka koma aiki.

Sai da aka gama tsiba kaya Ntate Phakiso ya gan ta. A kan wani kashi can gefe, tsakanin albasa da alayyafo, ga kabewa mai ruwan toka, da dogon wuyanta da ƙurajenta. Ya cire tabarau ya goge ya mayar. Tana nan.

"Mme, wannan kuma mene ne, kada?" in ji Mme Nthabeleng, nas ɗin da ke zuwa daga gari.

"Ta bayan ɗakina ce, can nesa da lambu, don kada ƙudan zuma su gauraya ta da taku ta 'yan gayu. Bana ta yi yawa, na ce a sa wa jama'a ɗaya."

Ashe duk shekarun nan tana shuka ta a bayan ɗakinta, inda namiji mai mutunci ba shi da dalilin leƙawa. Kalma ɗaya za ta isa, amma dokar tasa ce, kuma ga mutane. Mme Mamokete ta juya baya, ta ja bargo ta rufe kai. Motlatsi ya fara nunawa.

"Na wa?"

Suna bayan suna, kashi yana raguwa, na gefen yana nan. Ntate Phakiso ya kama kansa yana addu'a a kan kabewa, abin da bai taɓa yi ba ko a kan jarrabawa. Motlatsi ya nuna kashin da ke kusa da shi.

"Na wa?"

"Ntate Phakiso."

Sannan ya nuna na gefen.

"Mme Nthabeleng."

Nas ta ɗaga kabewar tana dariya. "Yau yara za su ci kada, kaji su samu 'ya'yan."

Ntate Phakiso ya taka zuwa wajenta, ya buɗe baki, sai ya ji kansa yana cewa ta gaida mutanen gida. Motar Motlatsi ta tashi da ita. Ya ci tuwonsa, ya yi waƙar godiya tare da kowa, ya saɓa buhunsa.

Tun daga kwanar coci ya lura tsaninsa yana jingine a gaban ɗaki, alhali a bayan ɗaki yake ajiye shi. Ya ɗaga kai. A kan rufin kwanonsa mai tsatsa, kamar yadda mahaifiyarsa ta saba shanya su, kabewa uku masu ruwan toka suna kwance a rana, an juya wuyansu gefe guda yadda ruwa ba zai kwanta a kai ba. Ya ajiye buhun a tsakiyar hanya ya tsaya yana kallo, har wani jaki ya zo ya fara cin kabejinsa.

Washegari bayan an tashi daga coci ya tare ta a bakin ƙofa, ya cire hula. Ya shirya jawabi tun safe.

"Mme Mamokete..."

"Ntate, tsanin nan naka matakala ta biyu ta ruɓe, ka gyara kafin ta kashe wani." Ta gyara bargonta. "Kuma ka nemi gwangwani mai murfi. Gora ba ya maganin gwiwa."

Ta juya ta bi sauran mata, tana ɗingishi, tana rera waƙar da aka rufe taro da ita.