Na Wuce Miƙati Ban Sanar Ba

Jiya na tuƙo jirgin saman kamfaninmu na kantuna zuwa Jidda. Muna sauka wani dattijon manaja ya leƙo, haraminsa a hannu. "Kyaftin, ina miƙati?" Mun wuce wurin ɗaura haramin tuni, ban sanar ba. Yanzu sai ya koma ko ya yi yanka. Kunya ta rufe ni, na tuna kakata.

A da, in na je gaishe ta a unguwarsu ta Jarwal, takan riƙo hannun rigata, yatsunta na ƙanshin na'ana'a. "Ya waladi, ɗana, in ka zo miƙati ka faɗa wa mutane."

"Hajiya, manajoji nake ɗauka, ba alhazai ba."

"Manaja ba ya umra?"

Dariya na yi mata. Allah ya jiƙanki, Hajiya. Allah kada ya sa in sake wucewa shiru.