Mai Rake a Ranar Al'adu

Yana tsaye a bayan shingen waya na wata makarantar firamare a Nyanya, matattarar baƙi daga garuruwa daban-daban, hannu ɗaya a kan baron rakensa, ɗayan riƙe da wuƙa. Dogo ne siriri, furfura ta fara cin gemunsa. Farin kaftani ya sa, har da karin guga, kuma mai rake ba ya sa fari haka kawai.

Yau ranar al'adu ce. Kowane yaro zai fito da kayan garinsu, ya faɗi sunan garin, iyaye su tafa. Wani direba ya ce, "Malam, yanko mini." Ko waiwayowa bai yi ba.

Malama ta kira Hadijatu, wadda ta zo ta ɗaya a aji uku. Nan take kafaɗun mai raken suka miƙe, da gani 'yarsa ce.

"Hadijatu, ina ne garinku?"

Yarinyar ta juyo wajen waya. Leɓɓansa na motsi, yana jefa mata wani suna da hayaniya ta hana shi isa. Wataƙila ƙauye ne da 'yan bindiga suka tasa, ciyawa ta cinye, bai taɓa samun bakin ba ta labarinsa ba.

"Nyanya!" ta ce da ƙarfi.

Wuri ya kaure da dariya. Malama ta ce, "Haba, ai Nyanya ba garin kowa ba ne."

Shi bai yi dariya ba. Ya sunkuya, ya ɗauki raken da ya riga ya kankare, yana ta sake kankare shi, farin yana zuba a ƙasa.