Kazar Ta Taka, Ni Ban Taka Ba

Assalamu alaikum jama'a. Shiruna ya yi yawa, har wasu sun fara tambayar ƙanwata Hajara ko ina raye. Ina raye, kuma da ƙafafuna biyu. Labarin ke nan.

Lokacin girbin gyaɗa ne. Muna dawowa daga hawasha, wato gonarmu, a kan keken jaki, jakin ya firgita a bakin tur'a, magudanar ruwan gonaki, ya kifar da mu. Kowa ya tashi yana kakkaɓe zane, ni na kasa. Ƙwaurina na dama ya karye, ƙashin har ya huda fata.

A ƙauyenmu na bayan Managil ba a shawarar inda za a kai mai karaya. Wajen maɗori ne. Tsohon ya ja ƙafar har na suma, ya jera karare, ya ɗaure tamau da tsumma. Sannan aka kamo kazata, ya karya mata ƙafa, ita ma ya ɗaure. Haka muka gada: ranar da kaza ta taka, mai karaya zai taka.

Kaza ta taka. Har ta koma tonon bola.

Ni kuwa yatsuna suka yi sanyi, ƙafa ta kumbura, zazzaɓi ya rufe ni, wani wari ya fara fitowa daga tsumman. Duk wanda ya zo dubiya sai ya leƙa tsakar gida ya ce, "Ai ga ta can tana yawo, ƙara haƙuri." Wallahi na tsani kazar nan.

Hajara ce ta tsaya kai da fata aka sa ni a mota zuwa asibitin Madani. Yayanmu Idrisu ya biyo mu yana ƙunƙuni.

Aka ɗauki hoto, aka ɗebi jini. Likitan ƙashi ya zo, wani dogo siriri mai gilashi. Da hannunsa ya kwance tsumman, ko yamutsa fuska bai yi ba, alhali ni mai ƙafar ina kau da kai. Ya gaya mana da Larabci cewa mugunya ta kai ga ƙashi. In ba a yi aiki da wuri ba, sai an yanke daga ƙasan gwiwa.

Tsoro ya kama ni. Mace mai gona da yara, ina zan je da ƙafa ɗaya?

Yaya Idrisu ya juyo da Hausa, yadda muka saba in ba mu son Balarabe ya ji. "Ku ce mai kun yarda. Da ya hita mu ɗauke ta. Waɗanga ba su san komi ba sai yanka."

Likitan bai ko ɗago ba ya ce, "Yaya, in kunka ɗauke ta, ku ne za ku maido ta, kuma rannan dole in yanke."

Hausa tsantsa, irin ta kakanninmu. Yaya Idrisu ya rasa inda zai sa kansa.

Ashe likitan, Daktor Usman, namu ne, ɗan garin Suki. Ya jawo kujera ya zauna. Ya ce mahaifinsa maɗori ne, shi ma da riƙon karare da kamun kaji ya tashi. "Ba ni zagin sana'ar ubana, ya warkar da mutane da yawa. Amma in ƙashi ya huda fata, kara da tsumma ba su kai ga abin da ke ciki." Wata yarinya ce hannunta ya yi baƙi a ɗorin mahaifin nasa, har aka yanke. Tsohon da kansa ya ce masa, je ka koyo abin da na rasa. Ya karanta likitanci a Madani, ya yi shekaru a Khartum yana koyon aikin ƙashi. Wata nas ta gaya mini an neme shi aiki a ƙasar waje, ya ƙi.

Yaya Idrisu ne ya fara cewa a yi aikin. Shi ya sayar da ragunansa.

An shiga da ni tiyata, an kankare abin da ya ruɓe, an sake shiga. Na farka da ƙarafa tsaitsaye a jikin ƙafata. Kullum wankin ciwo, kullum ƙarin ruwa da allura. Kowace safiya Daktor zai zo ya mintsini yatsuna ya ce, "Kin ji?" In ce a'a. Ya ce, "Gobe." Ranar da na ji zafin mintsinin, kuka na yi sosai.

Ya tambaye ni yadda nake zaman tahiya, da yadda nake tsugunno gaban murhu. Ya ce ba tsayuwa kawai yake so in yi ba, so yake ƙafar ta koma aikinta. Motsa gwiwar nan azaba ce. Ran nan na ce masa ba shi da imani. Ya ce, "Zage ni son ranki, amma lanƙwasa."

Daga sanda biyu na koma ɗaya, daga ɗaya na ajiye. Yanzu a tabarma nake sallah.

Jama'a, don Allah: in ƙashi ya huda fata, ko yatsu suka yi sanyi, ko ɗori ya fara wari, ku kwance ku nufi asibiti a ranar. Ku duba ƙafar mutum, ku bar duba ta kaza.

Na gode wa Allah. Hajara, Yaya Idrisu, masu jinyar da suka jure bakina, Allah ya saka. Daktor Usman, Allah ya jiƙan mahaifinka.

Da na koma dubawar ƙarshe, kazar na kai masa tukuici. Da ƙafata na tako daga tasha, tana ƙarƙashin hammatata. Ya yi dariya ya karɓa, sai na ga yana lalubar ƙafarta da yatsunsa, yadda yake yi wa tawa.

"Ai wagga a karkace ta haɗe," in ji shi.

Na duba, haka ne. Duk watannin nan ɗingishi take yi, ba wanda ya lura.