Ranar da Na Ƙi Sakin Madanni a Kajiji

Ko an ce na manta sunana zan yarda, amma ranar da muka gwada rediyon oba-oba ba ta fita a raina. Zamanin mulkin farar hula na biyu ne, lokacin da sabulu ma sai an bi layi. Ƙungiyarmu ta manoma ta samo tsofaffin rediyoyin, aka raba su: ɗaya Bodinga inda shugaba da motar ƙungiya suke, ɗaya Shagari, ɗaya Horo Birni, ɗaya Kajiji. Na Kajiji ni aka damƙa wa, saboda zurfin ilimina. Aji huɗu na yi a firamare, kuma na ukun sau biyu na yi shi don ya zauna.

Injiniya ya zo daga Sakkwato, muka ɗaure eriya a kan doguwar gora, muka kafa ta jikin rumbu, ya jona batirin mota. Ya ce Horo Birni ba ta jin Bodinga kai tsaye, sai ni na karɓi saƙo na miƙa. Sannan ya nuna mini madannin da ke jikin abin magana.

"In ka danna, kai kaɗai aka ji, kai ko ba ka jin kowa. Ka hwaɗi taka a gajarce, ka ce oba, ka saki. Ka jiya?"

Na ce na jiya. Ni da na kusa shiga aji biyar?

Ranar gwaji da hantsi, cikin damina, rabin Kajiji suka taru a ƙofar gidana. Aka ce na kira Bodinga. To, wanda ke can shugabanmu ne, dattijo, sa'an mahaifina. Ta yaya zan faɗa masa "gwaji, oba" kamar na sami sa'ana? Na cire takalmi, na durƙusa gaban akwatin, na danna.

"Ranka shi daɗe, ina kwana? Ina gajiya? Ina iyali? Yaya munka ji da ruwa?"

Shiru. Na ce a raina manya ba sa saurin amsawa, watakila gaisuwar ce ta yi kaɗan. Na ƙara. Na gai da ƙannensa, na tambayi gero, na tambayi dokinsa, na yi masa ta'aziyyar wata gwaggonsa da ta rasu tun bara. Jama'a suna ta gyaɗa kai, ni kuwa ina jin daɗin kaina.

Ba hankali ne ya sa na saki ba, ɗan yatsana ne ya gaji. Sai ga muryar mutumin Horo Birni, ta dushe don kira.

"Kajiji, don Allah ka saki. Maciji ya ciji yayana a gona, ƙahwa na kumbura. Ka hwaɗa ma Bodinga su turo mota."

Ashe tun ina "ina kwana" yake kira. Na danna, na faɗa wa dattijon nan magana ba sallama, karo na farko a rayuwata. Ya ce, "Ta taso. Oba." Kalma uku, shi da na zaci gaisuwa yake jira.

Wanda macijin ya ciza ya rayu, amma ƙafar ba ta koma daidai ba. Wasu sun ce ko da ban tsaya gaisuwa ba haka za ta kasance. Ina so na yarda da su, na kasa. Shekaru ya yi yana ɗingishi ya wuce ni a kasuwar Shagari, ya ɗaga hannu ya ce, "Injiniya, lahiya? Oba." Sai ya yi dariya, ni ma na yi, tawa dai ba ta kai ciki.

Rediyoyin sun mutu tun tuni, gorar ma an yi rumfa da ita. Abin da ya rage mini shi ne wannan: ladabin da ya toshe maka kunne ba ladabi ba ne. Har yau, ko da matata nake magana, in na ji bakina ya yi nisa, sai na saki na ji ko wani yana kira.