Daga cibiya zuwa gwiwa, a hoton Yaya Kamilu

Shekara huɗu ke nan da rasuwar Yaya Kamilu, kuma hoton da ya zana na ƙarshe yana nan a ɗakina a unguwar Chow Kit, nan ƙasar waje, na juya fuskarsa jikin bango. Duk shekara Umma sai ta kira daga Kano ta tambaya ko na ƙona. Wani ne ya kai mata labari wai ɗanta ya zana kansa tsirara, tun daga nan take tsoron abin da zai tarar a kabari.

Shi ya kawo ni garin nan in yi kwaleji. Ban je ko'ina ba na watsar, na koma sauke kaya a wani kedai, wato kanti. Bai taɓa min gori ba. Sai dai in na je ɗakinsa a unguwar Pantai Dalam, ga warin fentin mai, ya zaunar da ni ya ce in faɗa masa ta ina haske ya shigo hoto. Ni da ba na iya zama wuri ɗaya.

Da ciwon daji ya cinye shi, ya kafa madubi ya zana kansa, ba riga ba wando. A hoton yana zaune bakin gado can gefen hagu, haƙarƙari duk a waje, sauran wurin kuwa bango ne kawai. Na ce masa wannan ai tsiraici ne. Ya ce, "Auta, kai dai ba ka iya kallo ba."

A nan aka binne shi, ina cikin masu wanka. Liman ya shimfiɗa farin yadi daga cibiyarsa zuwa gwiwa. Da na koma ɗaki na juyo hoton na duba. Daidai wurin nan ya lulluɓe da inuwa, baƙi ƙirin, ba ka ganin komai. Hasken taga duk a tafin hannunsa ya zube, a buɗe, kamar mai jiran a ba shi wani abu. Ashe ya riga mu suturta kansa.

Yanzu yaran unguwarmu waya ke zana musu mutum kafin shayin mamak, masu shayin garin nan, ya huce. Na kan ce da yana nan, dariya zai yi, ya tambaye su ina wayar ta san ya kamata a ɓoye.

Bana da Umma ta kira, na kunna kyamara na nuna mata. Ta ƙura masa ido. Ta ce in matso da wayar wajen hannun. Na ji tana jan hanci.

"Hannun babanku ne," in ji ta. "In za ka taho gida, ka naɗo min shi a yadi mai kyau."

Ban sani ba ko hoton zai amfane shi a can, Allah ne masani, Ya jiƙansa. Ni dai yau na iya zama in kalli abu har in gan shi.