Ranar da Delfino Ya Yanke Tsani

Shekara talatin da ɗaya Delfino Kasero ya yi yana gyaran gidajen kakanninmu da ke cikin kogon dutse, a gandun gwamnati inda baƙi ke zuwa kallo. Sha biyu daga ciki ni ke kwaɓa masa laka. Ƙauyenmu ɗaya, Kawu nake ce masa.

Ba ya taka tsani sai ya barbaɗa garin farar masara daga 'yar jakarsa, ya sanar da masu gidan mun iso. Masu yi wa baƙi jagora kan ce an bar wurin shekara ɗari bakwai da suka wuce. Bai taɓa yi musu gardama ba. Murya kawai yake ragewa in ya shiga.

Dutsen da ya yi wa gidajen rumfa yana da tsaga. Ofis ya manna mata na'urar auna motsi. Delfino kuwa laka yake shafawa a kanta: in ta bushe ta rabu biyu, to dutse yana motsi. Ya shafa ranar Litinin. Alhamis muka tarar ta rabu, ga jan yashi ya zubo inda muka share ranar Laraba.

Ya ce, "Kai, kawo ƙaton yatsan nan naka. Yau dai ya yi rana."

Farcena ya shige cikin tsagar.

Ya je ya gaya wa shugabar gandun. Ta saurare shi da ladabi, ta ce na'ura ba ta nuna abin tsoro ba, injiniya zai zo nan da mako biyu, kuma ranar Asabar akwai baƙi sittin. Ta tuna masa saura shekara ɗaya ya yi ritaya.

Hanyar shiga kogon ɗaya ce, tsanin katako mai mataki talatin da biyu. Asabar da sassafe ya barbaɗa garinsa, ya daɗe a tsaye, sannan ya ɗauko zarto. Na ce masa korarsa za a yi.

"Riƙe mini nan, ka bar wa'azi."

Na riƙe. Kafin motar baƙi ta iso tsanin ya zama itacen girki. Ya ce wa mutanen ofis shi kaɗai ya yi, ni ina can ina ɗibar ruwa. A ranar aka sallame shi.

Dutsen bai faɗo ba. Injiniya ya zo ya auna, ya ce a riƙa lura. Aka kafa sabon tsani, na katako kamar wancan, don ya fi kyau a hoto. Baƙi suna hawa, wasu da goyo.

Yanzu ni ke shafa lakar. Duk Lahadi nakan same shi a gonar masararsa, kuma tambayarsa ɗaya ce: "Farce ko yatsa?"

Wannan Lahadin na ce masa yatsa, har gaɓa ta biyu. Ya kwance jakar garin ya miƙo mini, ya shiga gida ya fito da zarton, ya ajiye a bayan motata.