Ɗakin Dirua Mara Hayaƙi

A kan duwatsunmu na Simbu, ɗakin da rufinsa ba ya fitar da hayaƙi ɗakin matacce ne. Saboda sanyi, da wuta muke kwana, mu da yaranmu har da aladu. Amma Dirua, maƙwabciyata, shekara bakwai ba ta hura ta a nata ba, saboda ɗanta Umba.

Cikinta wata shida naƙuda ta kama ta a gonar dankali. Ko bakwaini bai kai ba. Ni na naɗe shi, jajir, bai fi babban dankali ba. A bilum, jakar saƙar da muke ratayawa a goshi, muka gangara da shi asibiti, ya yi wata uku a kwalba. Ranar sallama nas ta ce huhunsa bai ƙosa ba: hayaƙi zai kashe shi, sanyi ma haka. Dirua ta tambaye ta to wanne za ta ɗauka, nas ta kawar da kai.

Sai ta mai da jikinta murhu. Ta ɗaure shi a ƙirji, fata da fata, girki kuwa a waje, ko ana tsuga ruwa. Mijinta Waine ya daure damina biyu, sannan ya naɗe bargonsa ya koma ɗakin da mazan ƙauyenmu ke kwana tare. Uwarsa ta ce ana kashe gida a kan ɗan da ƙasa ta riga ta kira. Ranar na wanke tsohuwar nan tas, kuma har gobe ban yi da-na-sani ba.

Umba ya rayu, amma wace irin rayuwa? Sai da ya shekara uku ya taka, yana jan ƙafar hagu. Ido ɗaya kamar babu. Mura kaɗan, ƙirji ya kama shewa, sai asibiti, sai robar iska a hanci. Baki dai Allah ya ba shi. In na leƙa sai ya toshe hanci ya ce ga Inna ƙyafaffiya ta zo, dole in kaɗe zanena a waje.

A shekara ta bakwai raɓa ta daskare ta ƙone mana dankali, dutse kuma ya zaftaro ya toshe hanyar mota. Umba ya kwanta, jiki na kakkarwa, leɓe ya yi shuɗi. Dirua ta same ni a bakin shinge, ta rame ta zama ƙashi.

"Yaya, ya fi ƙarfin ƙirjina, ba na iya rufe shi. In hura ko kar in hura?"

Na koma gasa duwatsu a murhuna, in naɗe a ganyen ayaba in kai mata, kafin a jima sun huce. Na ji tsoro irin wanda ban taɓa ji ba.

Wata safiya na fito da duwatsun, sai na hangi hayaƙi na tashi ta rufinta. Na watsar da su na ruga, zagi cike da bakina. Na tarar da ita zaune gaban wuta, Umba a cinyarta, ta miƙa tafin ƙafarsa wajen harshen wutar. Ƙirjin ya daina shewa, ya daina motsi.

"Kullum roƙona yake ya ji ɗumin wuta kamar sauran yara," ta ce, ba ta ɗago ba. "Yanzu ai babu abin da hayaƙi zai yi masa."